Man buntun shinkafa da sharar masana'antu: zai iya zama man gas?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ina da injin casar shinkafa a hanyar Zariya, gaba da Rigachikun. Buntu ya yi mana yawa, man gas kuma yana cinye mana riba. Na sa an haɗa mini durom a Panteka, muka cika shi da buntu muka hura wuta a ƙarƙashi, hayaƙin ya bi ta wani bututu da muka nutsa a ruwa, muka tara baƙin ruwa kusan jarka guda. Da muka zuba shi a man gas sai ya ƙi haɗuwa. Wanda muka ajiye a galan na ƙarfe ya cinye gindin galan ɗin, ɗan wanda muka gwada a Lista kuma ya toshe nozul. Wani ɗalibi ya ce mini a ƙasashen waje ana amfani da sharar masana'antu, irin su jan laka da toka, a gyara wannan mai ya koma kamar man gas. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ina zan samu a Kaduna, kuma yaya ake yi?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri kan nozul da galan. In na fahimce ka, abu biyu kake nema: ko shara za ta iya gyara man da ka tara, da kuma ko gyaran zai kai ka zuba shi a Lista ka huta da sayen man gas. Ta farko amsarta e ce, ɗalibin nan bai yi ƙarya ba. Ta biyun kuwa a'a ce, kuma gara ka ji ta yanzu kafin ka ƙara zuba kuɗi a walda. Tsakanin e ɗin da a'ar akwai abin amfani, shi ya sa zan tsawaita.

Me ka tara a jarkar?

Abin da ka yi ba baƙo ba ne, sana'ar masu gawayi ce. Suna jera itace su rufe da ƙasa don kada iska ta shiga, itacen ya gasu bai ƙone ba, hayaƙi mai yawa ya tashi ya tafi. Bambancin kawai kai ka tare hayaƙin ka sanyaya shi. A littattafai ana kiran ruwan da ke fitowa bayo-oyil, ni kuma ina ce masa man hayaƙi, don shi ne ainihin sunan da ya dace da shi. Kalmar "mai" ɗin ce ke yaudarar mutane. Ko wanda aka yi a masana'antar zamani, kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari nasa ruwa ne, kuma kashi 35 zuwa 40 na nauyinsa oksijin ne da ke ɗaure a jikin sinadaransa. Man gas kusan babu oksijin a cikinsa ko kaɗan, kabon ne da haidurojin zalla.

Wannan oksijin shi ne tushen duk abubuwa ukun da suka same ka. Shi ya sa man ya fi kusa da ruwa a ɗabi'a, don haka ya ƙi shiga man gas. Shi ne ke cikin tsamin da ya cinye galan, domin man cike yake da irin asid ɗin da ke cikin ruwan kal, kuma a ma'aunin tsami na pH yana tsakanin 2 da 3, wato sahun lemon tsami. Shi ne kuma ya sa sinadaran ba sa zama lafiya. Suna ta kama juna ko a ajiye, man ya yi ta kauri, in kuma ya ji zafi sai ya zama danƙo nan take. Bakin nozul kuwa wuri ne mai zafi da rami kamar na allura, ka ga abin da ya faru ba abin mamaki ba ne. Ga kuma ƙarancin ƙarfi: kilo ɗaya na man hayaƙi yana ba da megajul 16 zuwa 19 na zafi, na man gas kuma sama da 42.

Naka ma bai kai wannan ba. Alƙaluman da na kawo na man da aka yi da gashin gaggawa ne, inda ake niƙa busasshen itace ya zama gari, a watsa shi cikin yashi mai zafin digiri 500, a janye hayaƙin a sanyaya cikin daƙiƙa biyu ko ƙasa da haka. A nan ne ake samun har kashi 70 cikin ɗari na nauyin itace ya koma ruwa. Durom da ake hura wa wuta na awowi gashin sannu yake yi: gefe ya ƙone, tsakiya bai ji wuta ba, hayaƙin ya daɗe yana yawo a ciki yana lalacewa. Abin da ke fita kusan kashi uku ne daidai, gawayi da iskar gas da ruwa, kuma ruwan yawancinsa ruwan tsami ne mai launin shayi, kwalta ta kwanta a ƙasa. In ka bar jarkar ta kwana biyu ka leƙa, ina kyautata zaton za ka ga hawa biyu ko uku.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne bidiyoyin da ake gani a YouTube da TikTok, mutum ya dafa leda ko taya a durom ya tayar da janareta da man. Wannan daban ne. Leda daga man fetur aka yi ta, babu oksijin a jikinta, in ka fasa ta gida take komawa. Buntu tsiro ne, kusan rabin jikinsa oksijin ne.

Aikin katalis

Katalis dillali ne. Yana haɗa ciniki ya faɗa da wuri, amma shi ba a sayar da shi. Ka san shi ma, shi ne abin da ke cikin salansar mota wanda makanikai ke kira indomi. A nan aikin da ake so ya yi shi ne ya ciro oksijin daga hayaƙin kafin ya sanyaya. To amma oksijin ba ya fita shi kaɗai, dole ya tafi da wani abu. Ko ya tafi da haidurojin ya zama ruwa, ko ya tafi da kabon ya zama iskar kabon monoksaid ko kabon dayoksaid. Kabon da haidurojin kuwa su ne man da kake nema. Ke nan duk oksijin da aka kora sai ya ɗebi wani abu daga cikin dukiyarka, shi ya sa babu katalis a duniya da zai ƙara inganci bai rage yawa ba. A nan gizo ke saƙa, kuma nan ne masu talla ke tsallakewa.

Hanyar da ke kai wa ga man gas na gaskiya ita ce a sayo haidurojin daga waje a cusa wa man, a zafin digiri 300 zuwa 400, ƙarƙashin matsi da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau ɗari ko ɗari biyu, a kan katalis na nikel ko kobalt da molibdenum. Wannan aikin matatar mai ne. Tayar tirela ma matsinta bai wuce ninki takwas zuwa tara ba, ka ƙiyasta abin da ninki ɗari na iska mai kama wuta zai yi wa tukunyar da aka yi wa walda da hannu. Kada ka bari kowa ya ce zai haɗa maka wannan.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar matsi. Ana ratsa hayaƙin ta cikin katalis mai zafi kafin ya isa wurin sanyaya. Wanda ya fi suna a nan shi ne ziyolait ZSM-5 da kamfanin Mobil ya ƙirƙiro, wani farin gari mai ƙananan ramuka da ke mayar da hayaƙin itace sinadarai irin na fetur. Yana aiki, sai dai abin da ake samu da kyar yake kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin busasshen itacen, kuma cikin mintuna kunkunniya ke toshe ramukan. Kunkunniya ana iya ƙone ta a dawo da shi. Abin da ba a iya gyarawa shi ne gishirin toka, musamman fotasiyam, irin wanda mata ke tacewa su yi ruwan toka na miya. Yana biyo hayaƙin ya zauna a kan ziyolait ya kashe shi gaba ɗaya.

Daga nan tunanin shara ya samo asali, kuma tunani ne mai kyau: tunda katalis ɗin mutuwa zai yi ko ta yaya, a nemo wanda mutuwarsa ba za ta sa a yi kuka ba.

Jan laka, da dalilin da ba za ka same shi ba

Jan lakan da ɗalibin ya ambata shi ne abin da ke saura in an tace dutsen boksait don fitar da garin alumina, wanda daga shi ake yin gorar ruwa. Kowane tan na alumina yana barin tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi na wannan laka, kuma an tara biliyoyin tan a duniya babu yadda aka yi da shi. Yana da kaifi ƙwarai saboda soda. A watan Oktoban 2010 madatsarsa ta ɓalle a kusa da garin Ajka na ƙasar Hangari, ya kwarara cikin ƙauyuka, mutum goma suka rasu. Abin da ya ja hankalin masu bincike shi ne abin da ke cikinsa: tsatsar ƙarfe ce mafi yawa, sai alumina, silika, titaniya, farar ƙasa da soda. Kusan duk abubuwan da ake sayowa da tsada a haɗa katalis, ga su a zube kyauta. Farfesa Marcel Schlaf a Jami'ar Guelph ta Kanada da Farfesa Foster Agblevor a Jami'ar Jihar Utah ta Amurka suna cikin waɗanda suka yi aiki sosai a kansa. An nuna cewa yana rage tsami, man ya fi ruwa-ruwa, ya fi jure ajiya, oksijin ɗinsa kuma ya ragu sosai. Amma ko a wurinsu abin da ke fitowa ɗanyen mai ne da ke jiran matata, ba man zubawa a inji ba.

Mu a Najeriya ba mu da matatar boksait. Masana'antar alminiyam ta Ikot Abasi an gina ta ne don narka alumina da aka tace a waje aka shigo da shi. Mafi kusa da mu mai tara jan laka ita ce ta Fria a ƙasar Gini. Ɗauko shara daga Gini zuwa Rigachikun ya rushe dalilin amfani da shara tun daga tushe. Tokar da ya ambata kuma ta tashoshin lantarki masu ƙona kwal ce, wadda take jibge a Indiya, Sin da Afirka ta Kudu. Lantarkinmu na gas ne da ruwa.

Abin da Kaduna ke da shi

Wanda na fi so, kuma na fi gwadawa, yana nan a Pantekar da aka haɗa maka durom: farin taɓon da masu waldar gas ke zubarwa bayan kabaid ya gama aiki. In an zuba wa kabaid ruwa ya ba da iskar walda, abin da ya rage farar ƙasa ce jiƙaƙƙiya, kuma kilo 64 na kabaid mai kyau yana barin kilo 74 nata. In aka shanya ta aka gasa ta wuce digiri 500, ruwan jikinta ya fita, ta zama farar ƙasa mai rai. Ita kuwa abokiyar gabar tsami ce. Tana kama asid ɗin da ke cikin hayaƙin, kuma a wannan zafi tana sa ƙwayoyin asid biyu su haɗu su zama sinadari ɗaya marar tsami, su saki kabon dayoksaid da ruwa. Korar oksijin ta hanyar kabon dayoksaid ita ce mafi arha, don kabon ɗaya ne ke tafiya da oksijin biyu. Aibinta shi ne ba dillali ce ta gaskiya ba, tana cin la'ada da yawa: tana shan kabon dayoksaid ɗin ta koma dutsen farar ƙasa, kuma dawo da ita sai an kai zafin digiri 850 zuwa 900.

Bari in ba ka labarin yadda ta koya mini hankali. Na'urar da muke aiki da ita bututun ƙarfe ne marar tsatsa, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, a cikin murhun lantarki, muna tura iskar naitirojin don korar iska. Karon farko na niƙa farar ƙasar nan ta yi laushi kamar garin tuwo, a tunanina laushi zai ƙara mata aiki. Na ɗura ta a bututun. Hayaƙi na fara zuwa ta jiƙe da kwalta ta dunƙule ta toshe hanya. Ina tsaye ina mamakin me ya sa kwalbar tara mai ba ta ɗiga, sai tiyon baya ya fincike, ya feshe ni da baƙin ruwa daga ƙirji har takalmi. Rigar ba ta sake sawuwa ba, warin kuma ya bi ni gida kwana uku, kamar na kwana a wurin masu banda kifi. Wancan giram kaɗan ne. Da durom ne, da ba riga ake magana ba. Tun daga ranar nake kwaɓa ta in mulmula kamar ƙwayar dawa ko wake, in gasa, sannan in yi amfani da ita. Kuma in za ka ɗebo taɓon, ka baza shi a fili ya sha iska, domin wani lokaci akwai ɓurɓushin kabaid da bai gama aiki ba, za ka ji yana wari kamar tafarnuwa.

Na biyu shi ne dangin ƙarfe: ɓawon da ke zuba in ana murza ƙarfe mai zafi, kashin maƙera na masu narka ƙarfe, da ƙurar tama. Akwai masana'antar sarrafa tama a Gujeni cikin ƙaramar hukumar Kagarko, akwai ta murza ƙarfe a Katsina, kuma irin waɗannan wurare ba sa rasa wannan shara. Kashin murhun ƙarfe yana ɗauke da farar ƙasa da tsatsa tare, sai dai narkakke ne kamar gilashi, ba shi da ramuka, hayaƙi yana shafar bayansa ne kawai ya wuce. Shi ya sa aikinsa ke da rauni in ba a jiƙa shi da asid an buɗe jikinsa ba, wanda kuma ƙarin kuɗi ne da ƙarin ruwan guba da za ka rasa inda za ka zubar.

A nan zan ɗan kauce. Jar marmarar da tifofi ke zubawa a aikin hanya ba sharar masana'anta ba ce, amma 'yar uwar boksait ce, tsatsar ƙarfe da alumina ne a cikinta. Na taɓa gasa ta na sa a bututu don in ga abin da za ta yi. Ta shiga ja ta fito baƙa ƙirin, na kawo mayen ƙarfe kusa sai ga ta tana tsalle tana manne masa. Hayaƙin ya zare wani ɓangare na oksijin ɗin tsatsar ya mayar da ita baƙin ƙarfe mai jan maganaɗisu, kuma wannan sauyi shi ne aka ruwaito game da jan laka. Man da ya fito ya fi na babu katalis sauƙin zuba, amma ya ragu, ruwan da ke kansa kuma ya ƙaru.

Na uku shi ne tsohon katalis na matatar mai. Matatar Kaduna da kamfanin Chiyoda na Japan ya gina aka buɗe a 1980, mai ƙarfin ganga 110,000 a rana, tana da sashen FCC inda ake fasa mai mai nauyi ya zama fetur a kan garin ziyolait. Duk matatar da ke gudanar da irin wannan sashe tana cire tsohon gari kullum tana zuba sabo. Tsohon ya gaji ga aikin fetur, amma ga man hayaƙi gajiyar tasa alheri ce, don sabo yana da zafin nama, yana mayar da yawancin hayaƙin gas da kunkunniya. A kimiyyance shi ya fi duk sauran. A aikace kuwa matatar Kaduna ta yi shekaru ba ta tace mai ba, ta Dangote tana can Lekki, kuma garin yana ɗauke da nikel da banadiyam da ke cutar da huhu. Ba kayan da ake ɗiba a buhu a kai inda ake casar abinci ba ne.

Na huɗu yana bayan injinka. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na buntu toka ne, kuma fiye da kashi 90 na tokar silika ce. Ita kaɗai ba ta da wani ƙarfin katalis, amma ita ce kayan haɗa ziyolait, kuma tana iya zama gadon da ake ɗora ƙarfe ko farar ƙasa a kai. Sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana aiki kan yin ziyolait daga farin lakan Ƙanƙara, ga kuma cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, a Basawa. Daga wurinka zuwa Zariya tafiyar sa'a ɗaya ce, kuma su ne ke da na'urorin da za su faɗa maka ainihin abin da ke cikin jarkarka.

Mu yi lissafi

Ɗauki tan ɗaya na buntu. Cire kilo 200 na toka, cire kamar kilo 100 na danshi, saura 700. Mu kyautata zato mu ce kana da na'urar gashin gaggawa da katalis mai aiki, ka samu kilo 150 na gyararren mai mai megajul 27 a kilo. Wannan kusan megajul 4,000 ne, daidai da zafin lita 110 na man gas, tunda kowace lita tana da kamar megajul 36. Shi kuwa tan ɗin buntun, in ka ƙone shi kai tsaye a murhu mai kyau, kusan megajul 14,000 ne a cikinsa. Ka ga ka zubar da fiye da kashi biyu cikin uku don ka samu ruwan da har yanzu Lista ba za ta sha ba. Kuma ban sa kuɗin wutar gasa katalis, da niƙa, da ma'aikata ba.

Ba kai kaɗai ne wannan lissafi ya kayar ba. Kamfanin KiOR ya gina masana'anta a Kolombus ta jihar Misisifi a Amurka, don mayar da itace mai ta hanyar katalis. Ta fara aiki a 2012, ga manyan masu kuɗi a bayanta, amma man da ke fita bai taɓa kai abin da aka yi alkawari ba, a ƙarshen 2014 kamfanin ya durƙushe. Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne masu ƙaramin buri. Masana'antar Empyro a Hengelo ta ƙasar Holan, da ta fara a 2015, ba ta gyara man ba ma, ta sayar wa wata masana'antar madara tana ƙonawa a tukunyar tururi. A Suwidin kuma, a 2021 kamfanin Pyrocell ya fara yin man daga garin katako yana aikawa matatar Preem, a zuba ɗan kaɗan cikin sashen FCC tare da man fetur. Wato ko dai a ƙone shi don zafi, ko a miƙa wa matata ta ƙarasa. Da masaƙun Kakuri na nan da ransu kamar da, suna shan baƙin mai a tukunyarsu, da su ne kasuwar farko ta irin wannan mai a Kaduna.

In ni ne kai

Tambayar da zan fara yi wa kaina ita ce: me nake buƙata, zafi ko juya inji? In turara shanshera da busar da ita ne, buntun da kansa ya isa, murhu mai kyau da tukunya kawai ake nema, ba sai ka bi ta mai ba.

In juya inji ne, hanyar da aka daɗe da tabbatarwa ita ce mayar da buntun iskar gas, ba ruwa ba. Ana ƙona shi da iska 'yar kaɗan, gas ɗin da ya fito a tace a tura ta bakin shaƙar iska na injin, man gas kaɗan ya riƙa kunna shi. A lokacin yaƙin duniya na biyu motoci da yawa a Turai da gas ɗin itace suka yi tafiya, kuma masu casar shinkafa a Indiya da Kambodiya sun daɗe suna rage fiye da rabin man gas ɗinsu ta haka. Babbar matsalar wannan hanya kwalta ce da ke biyo gas ɗin ta danƙare bawul. To a nan ne sharar taka za ta yi rana, domin farar ƙasa da tsatsar ƙarfe masu zafi suna fasa kwalta ta koma gas, kuma wannan aikin ya fi musu sauƙi nesa ba kusa ba, tunda fasawa gaba ɗaya ake so, ba gyara na lallaɓa ba.

In kuma zuciyarka na kan man, ka gwada a ƙarami, tukunyar da ba ta wuce kilo biyu ba. Ka busar da buntun sosai. Ka sayi ma'aunin zafi mai waya da ke kai digiri dubu, domin aiki da ido a nan cinikin biri a sama ne. Kada ka cakuɗa katalis da buntu, tokar za ta lulluɓe shi kuma ba za ka iya raba su ba. Ka yi masa ɗakinsa daban a kan hanyar hayaƙi, da nasa zafin tsakanin digiri 450 da 500, in ya huce kwalta ce kawai za ta kwanta a kansa. Ka yi wurin sanyaya biyu, na farko da ɗumi ya kama mai nauyi, na biyu da sanyi ya kama ruwan tsami, wannan kaɗai zai ba ka mai mafi kyau ko babu katalis. Kowane gwaji ka yi shi sau biyu, da katalis da babu, ka auna nauyin komai, in ba haka ba ba za ka san ko wani abu ya canza ba. Ajiya a jarkar roba mai kauri, a inuwa, kuma ɗan itanol kamar kashi ɗaya cikin goma yana rage saurin kaurinsa. Gas ɗin da bai sanyaya ba kada a sake shi a rumfa, akwai kabon monoksaid a ciki wanda ba shi da wari kuma yana kisa, a mayar da shi ƙarƙashin tukunya ya ƙone. Dole kuma a bar wa tukunyar mafita in bututu ya toshe.

Wasu za su ba ka shawarar zuba ledar fiya wata a cikin buntun. Akwai hujja a ciki, don leda na da haidurojin da buntu ya rasa, kuma man yana gyaruwa. Amma in bututun roba na famfo ko rigar wayar lantarki suka shiga, asid mai cin ƙarfe da huhu za su saki. Kwaltar kanta tana da sinadarai masu jawo ciwon daji, kada yara su riƙa taɓa ta da hannu, kuma duk wannan aiki ya yi nesa da inda shinkafa take. Sayar wa mutane a matsayin man inji kuwa kada ma ya zo maka a rai. Ba a manta da fetur mai yawan metanol da ya lalata motoci a farkon 2022 ba, kuma hukumar NMDPRA mai sa ido kan tacewa da sayar da man fetur ce ke da iko da wannan fage.

Iyakar abin da zan iya tsaya maka a kai shi ne na ɗakin gwaji. Ni a giram na yi aiki, ban taɓa gudanar da na'urar da ke cin tan a rana ba, kuma abin da ya yi kyau a bututu sau da yawa yana canza hali in an girmama shi, musamman wajen rarraba zafi. Shara ma ba ta da tabbas, taɓon mai walda na yau ba lallai ya zama irin na gobe ba. Ban kuma ga durom ɗinka ba. In za ka iya, ka cika ƙaramar gorar roba da man, ka bar ta tsaye kwana uku, ka ɗauki hotonta a rana yadda hawa-hawan za su fito, ka turo mini tare da hoton durom ɗin da bututun, da adadin buhun shanshera da kake casa a rana, da ƙarfin Listar. Gawayin buntun da ya rage a durom kuma kada ka zubar, ka cakuɗa shi da taki ka kai gona.